Rasuwar Ƙwan Fitilar da Aka Ce Yana Danne Awo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani guntun haushi da ba za a ɓoye ba, Daudu maƙerin azurfa na bakin kasuwar Kazaure yake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki na Roni da Gwiwa da Babura rasuwar abokin zamansa, ƙwan fitila mai wat sittin, wanda aka fi sani da Na-Sama. Ya cika ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, a bakin aikinsa, a gaban shaidu masu yawa, kuma da hannun wasunsu a ciki.

Marigayin mutumin Kano ne. Daudu ya ɗauko shi a shekarar ƙarin albashin Udoji, ya rungumo shi a ƙirji tun daga tasha don kada gargadar hanya ta taɓa lafiyarsa, ya jawo masa wuta daga injin gidan burodin Halliru. Shagon Daudu kuwa ɗakin ƙasa ne marar taga, ko da rana tsaka sai an ƙanƙance ido. A can aka rataye Na-Sama, daidai saman farantin dama na ma'auni, inda ake ɗora azurfa.

Ya kasance mai haƙuri, marar surutu. Bai taɓa neman kananzir ba, bai taɓa yi wa kowa hayaƙi a riga ba. Duk maganarsa a duniya ita ce "ziii", shi ma sai in injin Halliru ya yi tari. A ƙarƙashinsa Daudu ya ƙera awarwaro da 'yan kunne ba adadi, kuma a ƙarƙashinsa yake auna su a gaban mai saye, domin abin da Daudu yake tinƙaho da shi ke nan: tun yana saurayi ba a taɓa cewa ya tauye wa wani awo ba. Ba shi da mota, ba shi da bene, sunan nan shi ne dukiyarsa.

Ciwon ajalin ya samo asali ne daga bakin ɗan ƙanwar Daudu, Malam Muhammadu Lawal, mai koyar da kimiyya a sakandare, mutumin kirki amma bakinsa ba ya riƙe ilimi. Wata rana ya leƙo gaisuwa, ya ɗaga kai ya dubi marigayin, haka kawai ba wanda ya tambaye shi, ya ce ai haske ma yana da turi, duk abin da ya sauka a kansa sai ya ɗan danna shi. Ya faɗa ne don a yi mamaki. Sai dai Tasalla dillaliya tana zaune a kan benci tana jiran zobe, kuma kowa ya san kunnen Tasalla ba ya zubar da komai. Ta dubi ƙwan, ta dubi farantin da ke ƙarƙashinsa, ta gyara mayafi ta fita ba sallama.

Kafin a yi la'asar labari ya kai Roni. Kafin mako ya zagayo, matan Fulanin Gwiwa sun ji cewa maƙerin Kazaure ya ajiye wani abu a sama mai danna masa azurfa ta yi nauyi. Benci ya bushe. Mutane suka koma gaishe shi daga nesa, irin gaisuwar nan ta ɗaga hannu ana sauri. Abin ya ci Daudu ƙwarai, har tuwo ya daina shiga.

Ya aika aka kira masa Malam, ya ce tun da bakinsa ne ya ɗaura, bakinsa zai kwance. Malam ya zo ranar kasuwa, ya ɗauki gawayi daga maƙera, ya hau bango da lissafi a gaban jama'a. Ya ce a ɗauka hasken marigayin yana bazuwa ko'ina daidai wa daida, a fitar da rabon da ke sauka a kan faranti mai faɗin tafin hannu daga nisan kamu guda, sannan a raba shi da gudun haske, wanda ya fi gudun komai. Ya share gumi ya ce abin da ya fito shi ne: a ɗauki ƙwayar gero ɗaya, a raba ta gida wajen dubu sittin, to gida ɗaya shi ne nauyin dannawar. Jama'a suka fara murmushi, Daudu ya fara jin iska na shigarsa. Da Malam ya tsaya nan da an tashi lafiya. Ina! Sai da ya ƙara da cewa:

"Kawu, wannan ma don azurfa ce. Da yake tana ƙyalli tana mayar da haske, turin ninki biyu ne."

Gero da dubu sittin duk suka bi iska. Abin da kasuwa ta tafi da shi gida shi ne, malamin makaranta da kansa ya ce a kan azurfa ninki biyu ne.

Ranar kasuwa ta gaba Daudu ya ce lissafi ya isa haka, a zo a gani da ido. Ya ɗora awarwaro a dama, duwatsun awo a hagu, harshen ma'auni ya tsaya cak a tsakiya. Ya kashe fitila, aka haska ashana, harshe yana nan. Ya kunna, harshe yana nan. Sai Inno, wata dattijuwa daga Gwiwa wadda ta fi kowa daɗewa tana saye a wurinsa, ta ce ita ba ta yarda da hannunsa a kan makunni ba, a bar ta ta danna da kanta. Ta danna. Ta sake dannawa, don abin ya yi mata daɗi. Daga nan kowace mace ta ce ita ma sai ta taɓa, har da waɗanda nono suka kawo kasuwa ba ruwansu da azurfa. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, bawan Allah yana mutuwa yana farfaɗowa, harshen ma'auni kuma bai motsa ko sau ɗaya ba. A hannun Tasalla ya yi wani haske fari fat wanda bai taɓa yin irinsa ba, ya ce "tas", shi ke nan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi wa mai makoki ciwo. Shago ya yi duhu, sai mata suka hau hamdala. Nan take Inno ta kwance bakin zane ta ce a auna mata awarwaron a ƙofa, ta dafa kafaɗarsa ta ce:

"Daudu, kai dama ba mu zarge ka ba. Allah dai ya raba ka da mugun abokin zama."

Ciniki ya dawo a ranar, benci ya cika, amma Daudu bai ji daɗin ko ɗaya ba. Ya gane cewa ba wanke shi aka yi ba, yafe masa aka yi, kuma shi bai yi laifin da za a yafe masa ba.

Marigayin ya rasu ya bar waya ɗaya mai lilo, da makunni wanda har yanzu bai dawo hayyacinsa ba, da tsaka biyu da suka daɗe suna cin abinci a gefensa, da ƙwari masu ɗimbin yawa waɗanda ba a san inda suka nufa ba. Ya kuma bar Malam Muhammadu Lawal, wanda aka hana shi magana a shagon sai abin da hali ya yi.

Za a binne shi jibi da safe a bayan maƙera, cikin kwalin da ya zo da shi, a rami mai zurfi saboda masu yawo ba takalmi. Za a zauna karɓar gaisuwa a shagon har azahar. Duk mai niyyar zuwa don ya ce an huta da shi, ya yi zamansa a gida. Bayan an tashi, za a rataye magajinsa, mai wat ɗari, wanda Sama'ilu direba zai taho da shi daga Kano, a kan wayar nan, saman farantin nan na dama. Daudu ya san benci zai iya sake bushewa, ya ce ya ji ya gani.

Inno ta aiko cewa za ta zo, kuma za ta taho da laima ta riƙa kare farantin in ana awo. Ana roƙonta da girman Allah ta bar laimar a ƙofa. Tun tana amarya take saye a hannun Daudu, bai taɓa cin ko ƙwayar geronta ba.