Bukkar da Ta Yi wa Damisa Biyu Kaɗan

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda tafki ɗaya tak yake kai ƙarshen bazara bai ƙafe ba, akwai wasu damisa biyu uwa ɗaya uba ɗaya, Mantau da ƙanensa Korau. Sana'arsu farautar barewa, kuma tare suke yi, ba don tsabar zumunci kaɗai ba. Mantau yana da ido kamar me, amma tun da wani gwanki ya soke shi a cinya ba ya iya tsalle. Korau kuwa ga ƙarfi ga zafin nama, sai dai abin da ya wuce taku goma ba ya bambance barewa da kututture. Don haka sukan kwanta kafaɗa da kafaɗa a cikin bukkar kwanto, wata 'yar maɓoya ta ciyawa da rassa a bakin tafkin. Mantau ya duba, in lokaci ya yi ya zunguri ƙanensa da kafaɗa, Korau ya daka tsalle. Da haka gidaje biyu suke ci.

Bukkar tun suna samari suka gina ta, lokacin da cikinsu yake a ɗame. Shekaru suka ja, jiki ya murje, bukka ba ta ƙaru ba. A bazarar da ake magana, in Mantau ya gyara kwanciya yadda zai hango ruwa, sai ƙugun Korau da wutsiyarsa su leƙo waje. Barewa kuwa ba wawuya ba ce. Kwana uku a jere garke yana saukowa, tsohuwar da ke gaba ta hango wutsiya tana reto, ta yi fito, kowa ya ranta a na kare.

Abin ya dami Mantau ƙwarai, domin matarsa Ladingo ta haihu, 'ya'ya uku, kuma nono ba ya zuwa sai uwa ta ci. Ga shi bareyin ba don ƙaunar wurin suke zuwa ba. Ranar da ruwan farko ya sauka, kowane kwari zai kawo ruwa, su watse cikin daji, sai kuma baɗi.

Gyaran ba wani mai yawa ba ne. Kamu ɗaya za a ƙara ta gefen hagu, dami biyu na ciyawa ya isa. Korau ya ce su yanka kawai da hantsi su wuce wurin. Mantau ya ƙi, don akwai doka: ba a yanke ko tsinke ɗaya a bakin tafki sai da izinin majalisar masu cin nama, wanda ya saɓa kuwa a hana shi ruwan shekara guda. Shi mai bin ƙa'ida ne, kuma a ganinsa maganar da ko ɗan jariri zai gane ba za ta wuce zama ɗaya ba.

Majalisar tana zama a gindin wata tsamiya. Kada ne shugaba, sai Mesa, da Tunku, da Ungulu wadda aka ba riƙon dokoki saboda ta fi kowa daɗewa. Mantau ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, “Ranka ya daɗe, bukkarmu ce ta yi mana kaɗan. Mu biyu ne, ita kuwa yanzu ɗaya da rabi take ɗauka. Izini muke roƙo mu ƙara kamu ɗaya kafin ruwa ya sauka. Ina da jarirai uku a gida.”

Kada ya yi masa barka, har ya tambayi sunayen jariran. Daga nan Ungulu ta tuna wa majalisa ƙa'idoji biyu. Ta farko, duk wanda ya kawo magana shi ke ciyar da masu zama har a gama ta. Ta biyu, ba a karɓar awo sai wanda aka yi da jikin ɗan majalisa, domin a zamanin da an sha samun masu ƙara gishiri a girman jikinsu don su mallake bakin ruwa. Mantau ya ce ai ga jikinsu nan a fili, a duba. Ungulu ta ce ta gani, amma ganinta ba awo ba ne.

Aka fara awo da Mesa. Ta shiga bukkar, kanta ya fito ta baya, fiye da rabin jikinta na waje. Ta dawo ta gabatar da jawabi.

“Shugaba, 'yan majalisa, na shiga na gani da idona. Masu ƙorafi sun yi gaskiya da suka ce bukkar ta yi kaɗan, amma sun yi kuskure wajen gane ciwon. Faɗi ba ta rasa ba, har ya yi yawa, don na yi birgima a ciki ban taɓa ciyawa ba. Tsawo ne babu. Shawarata a rage faɗin, a ƙara tsawon ninki uku, su kwanta ɗaya a bayan ɗaya kamar yadda duk mai hankali yake kwanciya.”

Mantau ya yi ƙoƙarin bayyana cewa in Korau yana baya ba zai iya tsalle ba, in yana gaba ba zai gani ba. Aka ce masa mai ƙorafi ba ya sa baki a kan awo. Aka ɗage zama zuwa mako mai zuwa, bayan an cinye zabi biyu da zomo ɗaya, abin da 'yan uwan suka yini biyu suna nema.

Zama na biyu Tunku ya auna. Ya ce shi da iyalinsa goma sha ɗaya za su zauna a ciki har su sauki baƙi, saboda haka bai ga dalilin ɓarnar ciyawa ba. Mesa ta ji an ƙaryata ta a bainar jama'a, ta kumbura, aka kwashe zaman duka ana ba ta haƙuri. A zama na uku Kada da kansa ya taso. Bai shiga ba, don ƙofar ba ta ɗauke shi, amma ya lura cewa an gina bukkar a kan tudu, alhali kwanto na gaskiya a cikin ruwa ake yinsa. Aka yi ta yaba zurfin tunaninsa, sannan aka naɗa Mesa da Tunku, waɗanda ba sa ga maciji da juna, su daidaita awo ukun su kawo matsaya ɗaya.

Duk wannan lokaci bareyi suna saukowa safe da yamma suna shan ruwa hankali kwance. Mantau yakan hango su daga gindin tsamiya yana durƙushe, zuciyarsa na ƙuna. Abin da 'yan uwan suke samu, ɓera ne, ƙadangare ne, wani lokaci fakara, mafi yawansa majalisa ke lashewa. Korau ya sake cewa, “Yaya, mu yanke ciyawar nan. In sun hana mu ruwa, ma sha raɓa.” Mantau ya ce an kusa gamawa, kada su ɓata wahalar mako uku da gaggawar yini ɗaya. Ya faɗa ne da bakinsa, amma shi ma bai yarda da maganar ba.

A mako na huɗu ƙaramar cikin jariran ta mutu. Ladingo ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Majalisa ta aiko Tunku ya yi ta'aziyya, kuma don girmama mamaciyar aka ɗage zaman wannan makon.

Da aka dawo, Mesa da Tunku suka ce sun kasa daidaitawa. Sai Ungulu ta tuno wata tsohuwar ƙa'ida: in awo ya saɓa har sau uku, majalisa tana iya sa masu ƙorafi su shiga wurin a gabanta, a yi hukunci da abin da aka gani. Mantau ya ji kamar ya yi kuka, don abin da ya roƙa ke nan tun ranar farko. Aka ɗunguma zuwa bakin tafki da rana tsaka. Gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa.

Mantau ya shiga ya kwanta. Korau ya bi shi. Mantau ya jira ya ji matsin da ya saba, bai ji ba. Ya waiwaya ya dubi ƙanensa, sai a lokacin ya gan shi sosai: haƙarƙari a jere ana iya ƙirgawa, ƙugu ya zube, wutsiya ta naɗe a ciki har da sauran wuri. Tsakanin kafaɗarsa da ta Korau akwai fili. Tunku ya shiga filin nan, ya juya sau biyu, ya fito yana karkaɗe jiki.

Kada ya gyara murya.

“Jama'a, kowa ya shaida. Bukka ta ɗauki mafarauta biyu har da ɗan majalisa ɗaya. Da mun biye wa gaggawa, da an yanke ciyawar al'umma a banza. Ba ma zargin masu ƙorafi da ƙarya, wataƙila ruɗu ne irin na mai jego. Majalisa ta yafe musu ɓata mata lokaci da suka yi, ta kuma tabbatar musu da bukkarsu yadda take. Allah ya ba da sa'ar farauta.”

Bai rufe baki ba ɗigon farko ya faɗo a kan hancinsa. 'Yan majalisa suka watse neman mafaka. 'Yan uwan suka zauna a cikin bukkar, ruwa na zuba, suna kallon tafkin da babu ko barewa ɗaya a bakinsa. Mantau ya kasa haɗa ido da Korau.

Da ruwa ya tsagaita ya ɗingisa zuwa gida. Ladingo tana kwance, jarirai biyu suna jan nonon da babu komai a ciki. Ta ɗago kai ta tambaye shi ko an yarda.

“Sun ce ta ishe mu,” in ji shi.

Ta dube shi daga kai zuwa wutsiya, ta ce, “Ai kuwa ta ishe ku.”

Har yau, in majalisun wasu dazuzzuka suka zo koyon aiki, da wannan shari'a ake fara ba su misali, domin an warware ta ba tare da an yanke ko tsinke ɗaya ba.