Ranar da Jakata ta Tona Mini Asiri a Wajen Awo

Har in tsufa ba zan manta da wata Talata da na je awo ba, ina ɗauke da cikin fari, lokacin muna zaune a Unguwar Kanawa.

Maƙwabciyata Rabi ce ta riga ni haihuwa. Ta haifo ƙaton yaro, kumatu kamar an hura. Ranar suna kowa ya ɗauke shi sai ya ce tubarkalla. Surukata ta dube shi, ta dubi cikina, ta ce, "Ke kuwa kina cin abinci?" Na yi murmushi, amma raina ya sosu. (Ko barkar da na yi wa Rabi ba da zuciya ɗaya ba ce, Allah ya yafe mini.)

Daga nan na ƙudurta sai nawa ya fi nata. Kunun gyaɗa cike da sukari, fanke, nama mai kitse, lemon kwalba bayan kowane tuwo. Da aka gwada jinina aka ce sukari da kitse sun hau, in rage. Na ce to, na biya ta Hayin Banki na sayi alkaki.

Ranar Talatar, benci cike da mata, Rabi ma ta kawo nata rigakafi. Ina fitowa daga ɗakin hoton ciki na ɗaga murya don ta ji: "Likita ya ce abin da ke cikina ya fi watanninsa girma."

Sista mai kula da mu ta duba katina. "Hajiya, kina bin dokar abincin?"

"Sosai, Sista. Ganye kawai nake ci."

"Kawo maganinki in gani."

Ina buɗe jaka kwalbar lemo ta faɗo, ta gangara har ƙafar Rabi. Alkaki ya biyo baya. Sai wata daga baya ta ce, "Ganyen ke nan?"

Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Girman nan ba lafiya ba ce, sukarinki yake sha. Rabi, gaya mata."

Rabi ta sunkuyar da kai. "Kwana biyu ina naƙuda, ƙarshe aiki aka yi mini. Shi ma sai da aka riƙe shi a ɗakin jarirai."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ban taɓa tambayarta ba.

Na koma wa zogale da wake, na haifi 'yata madaidaiciya, lafiya lau. Yanzu kafin in yi ƙyashin abin wata, sai na tambaye ta yadda ta same shi. Kafin in yi ƙarya kuma, sai na leƙa jakata.