Cek Ɗin Kwali da Karatun Likitar Hadiyya

Jama'a, ranar Laraba da ta wuce ni na tsayar da jirgin ƙasa a Kuala Lumpur. Ni kaɗai, ba yajin aiki, ba zanga-zanga. A tashar Titiwangsa abin ya faru, wajen ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da na yi ƙoƙarin shiga tarago da wani cek na kwali da ya fi ni tsawo. Na shigar da shi a tsaye, ya daki rufi. Na kwantar da shi, ƙofa ta cije shi, ta saki, ta sake cijewa. Jirgi ya ƙi tashi. Wata tsohuwa 'yar ƙasar ta ƙirga sifirin da ke jikinsa, ta dube ni daga hula har silifas, ta tambaye ni me mai irin wannan kuɗi yake nema a jirgin talakawa. 'Yata Hadiyya kuwa ta sulale can ƙarshen tarago, ta kafa wa taga ido kamar ba ta taɓa ganina ba.

Bari in faro muku daga farko.

Waɗanda suka saba karanta wannan shafi sun san ni, Iro ne, mai sayar wa ɗalibanmu yaji da kuka da daddawa a unguwar Cheras, in kuma haɗa wa masu komawa gida kaya. Shekara goma sha shida ke nan. Hadiyya tana rarrafe muka zo da ita, shi ya sa in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da rabi Turanci, rabi Malay, ta ɗora “lah” a ƙarshe. Tun tana firamare take cewa likita za ta zama. Na ɗauka irin ta yara ce, za ta wuce kamar ƙyanda. Ba ta wuce ba. Bana ta gama sakandare da sakamakon da ya sa uwarta Halimatu kuka, ni kuma ya sa ni ciwon kai, domin makarantu biyu suka ɗauke ta.

Ta farko tsarin haɗe take yi: ka shiga sau ɗaya, ka yi digirin farko, ka zarce karatun likita, kujerarka na jiranka, ba wata sabuwar jarrabawar shiga. Kuɗin shekara guda ya sayi motar maƙwabcina sau uku, har da ragowar man zuwa unguwar Sentul. Sun yi mata ragin kashi arba'in cikin ɗari, da sharaɗin makinta ba zai taɓa sauka ba. Ranar da ya sauka, ragin ya tafi. Ta biyun mai sauƙin kuɗi ce: digirin kimiyya shekara uku, daga nan ta shiga kokawa da mutum ɗari biyu a kan kujera talatin. In ta faɗi, ta tashi da kwalin da ba ta nema ba. Makarantar farko ta ce mu ba da amsa da kuɗin kama kujera kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a.

Sati biyu muna juya takardun nan a kan tabarma. Sai ga maƙwabcina Abdulwahidu, ejan ne mai nema wa yara makaranta, ya shigo da waya a hannu yana haki.

“Malam Iro, ajiye takardun nan! Wahalarka ta ƙare. Daga jiharmu an turo Kwamitin Musamman na Duba Yiwuwar Fara Tunanin Tallafa wa Masu Son Zama Likitoci. Sikolashif cikakke. Har kuɗin sabulu.”

“Su nawa suka zo?”

“Sha huɗu.”

“Ɗaliban fa?”

“Uku.”

Ka ji shugabanni masu kula. A wace ƙasa ce ɗalibi ɗaya yake samun manya huɗu da ɗoriya su ƙetaro teku dominsa? Na ce wa Halimatu ta goge mini babbar rigar Sallah.

An ce mu hallara ƙarfe tara na safe a wani otal kusa da tafkin Titiwangsa. Mun isa takwas da rabi. Ƙarfe goma aka ce Masu Girma suna karin kumallo. Sha biyu aka ce suna hutawa daga karin kumallon. Ƙarfe ɗaya suka fita duba ingancin ilimin ƙasar a wani babban kanti, suka dawo da ingancin cike da ledoji. A zaman jiran na san sauran ɗaliban. Ɗaya yaro ne mai natsuwa da mahaifinsa ya sayar da shanu ya turo shi. Ɗayan ɗan ƙanin Sakataren Kwamiti ne, harkar otal yake karantawa, amma an tabbatar mana yana da sha'awar lafiya ƙwarai.

Ƙarfe biyu da rabi aka kira Hadiyya, na bi ta. Mai Girma Shugaban Kwamiti, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya gyara zama ya ce, “Yarinya, me ya sa kike son zama likita?”

Sati guda tana haddace amsar nan da Hausa tsantsa a gaban madubi. Ta buɗe baki ta ce, “Ranka ya daɗe, tun ranar da kakata ta rasu a layin asibiti...”

“Madalla, madalla. Malam, an ce kai ne mai haɗa kaya. Ina ake samun manyan akwatuna masu ƙafa huɗu?”

Na faɗa masa. Wani mamba ya naɗe ƙafar wando ya ce tunda likita ce ta duba masa gwiwar nan, tana ƙara in ya hau bene. Hadiyya ta ce ai ba ta fara karatun ba tukuna. Ya ce ba komai, ta faɗi ra'ayinta kawai. Ta ce ya rage hawa bene. Aka rubuta a takarda cewa ta nuna hazaƙa.

Daga nan aka shigo da cek ɗin, mutum biyu na riƙe da shi. Guda ɗaya aka buga saboda tsimin dukiyar jama'a, don haka ɗaliban uku suka ɗauki hoto da shi bi da bi, ana liƙa suna ana ɓarewa. Mu ne na ƙarshe. Da aka gama, Sakatare ya ce in tafi da shi, ba zai shiga jirgin sama ba. Abin da ya biyo baya a tasha kun riga kun ji.

Washegari Alhamis muka ɗora shi a motar Abdulwahidu, rabinsa a waje ta taga, muka nufi makarantar farko. Matar da ke karɓar kuɗi mutuniyar kirki ce. Ta fito daga bayan kanta, ta zagaya cek ɗin sau biyu, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.

“Na wane banki ne?” in ji ta.

Muka duba. Inda ake sa sunan banki, hoton Mai Girma ne yana murmushi.

“Hoto boleh,” ta ce, wato hoto kam ya yiwu, “biya kuwa, cannot lah.” Ta roƙe ni in tsaya ta ɗauka da shi, za ta nuna wa mijinta.

A nan tsaye na buga wa Sakatare waya. Ya ce in kwantar da hankalina, kuɗi suna nan kamar a aljihuna, 'yan ƙa'idoji ne suka rage. Sai na kawo takardar shaidar talauci, wadda ake karɓa hannu da hannu a gida.

“Ranka ya daɗe, kuɗin jirgi zuwa gida ai ya kusa kuɗin zangon karatu.”

“To ka ga inda tsarin yake da kyau ke nan. Duk wanda ya iya sayen tikiti ya zo, mun gane ba talaka ba ne, sai mu cire sunansa.”

“Wanda bai zo ba fa?”

“Ba shi da takarda.”

Na nemi kujera na zauna. Ya ci gaba da cewa bayan wannan sai rasit da ke nuna na biya kuɗin makaranta duka, don gwamnati ta tabbatar da gaske nake. Sannan Kwamiti zai miƙa rahoto ga wani kwamitin da za a kafa, shi kuma ya zo nan ya gani da idonsa. Na tambaye shi yaushe kuɗi za su fito. Ya ce in sha Allahu ba za su wuce bikin kammala karatunta da yawa ba.

Da la'asar muka zauna mu uku a falo, shinkafar da Abdulwahidu ya ƙunso mana daga shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, tana hucewa ba wanda ya taɓa. Hadiyya ce ta fara magana, kuma da Hausa, abin da ba ta yi sai magana ta kai magana.

“Abba, zan ɗauki mai sauƙin. Zan yi kokawar. In ban samu kujera ba, sai in koyar.”

Tana faɗa tana murmushi, amma ta ninke takardar makarantar farko ƙanana-ƙanana har ta kusa ɓacewa a tafinta. Ni na san wannan murmushin. Shi nake wa kwastoma in ya taya kaya ƙasa da yadda na saro.

Ina da fili a gida, a bayan gari. Shekara tara da saye. Duk ranar da ruwan Kuala Lumpur ya jiƙa ni a kan babur ɗin kai kaya, filin nan nake tunawa, har na san inda zan dasa mangwaro in sa kujera. Ban taɓa gaya wa kowa zancen mangwaron ba.

Halimatu ta dube ni ta ce, “Baban Hadiyya, filin nan dai ciyawa yake nomawa.”

“In makinta ya sauka fa? Ragin ya tafi, filin ya tafi,” na ce.

“Abba, in ya sauka ka sa ni ɗaurin daddawa har in tsufa,” in ji Hadiyya.

Na ce daddawata ba ta yi lalacewar da za a ba likita ɗaurinta ba. Na ɗauki waya na kira yayata Iya, wadda mijinta ya shekara uku yana zawarcin filin. Kafin in gama sallama ta rangaɗa guɗa. Ashe an nuna hotonmu a talabijin ɗin gida, an ce an ɗauki nauyin ɗalibai ɗari uku a Malesiya. Ta ce tunda Allah ya sauke mini nauyi, ga rufin ɗakinta yana yoyo. Sai da na rantse mata sau uku kafin ta yarda cewa sayarwa na kira yi, ba rabo ba.

Filin ba zai kai mu ƙarshe ba. Shekara huɗu zai ɗauka, in an yi ragin, in kuma naira ta ji tsoron Allah. Sauran sai abin da yaji da kuka suka yi. Ranar Juma'a, saura minti arba'in a rufe, mijin Iya ya turo kafin alƙalami, muka biya kuɗin kama kujera. Matar nan mai karɓar kuɗi ta miƙo rasit ɗan ƙarami kamar tikitin bas. Hadiyya ta karɓa da hannu biyu, ta fita waje, ta jingina da bango ta yi kukanta. Ni ban yi ba. Sanyin na'urar ofishin ne ya shiga mini ido.

Jiya Asabar Mai Girma Shugaba ya kira ni da kansa in zo in haɗa masa akwatuna tara. Ba a otal na same shi ba, a wani asibitin kuɗi ne, yana kwance ana duba lafiyarsa daga kai har ƙafa, sauran sha ukun suna layi a waje da katinsu. Ya tambayi yarinya, na ce ta samu shiga, kuma burinta in ta gama ta koma gida ta yi aiki.

Ya yunƙura ya tashi zaune, har igiyar awon jini ta zame.

“Gida? Ta yi me a gida? Malam, ka yi mata faɗa. Ta zauna nan. In mun zo mu samu tamu, mai jin Hausa. Ka san wahalar da na sha yau kafin in yi wa likitan nan bayanin basir da Turanci?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, za a duba yiwuwar fara tunani.”

Ya ce haka ake so. Ni dai na auna akwatunansa, na caje shi kuɗin kowane kilo ba ragi, kuma na ce masa ba na karɓar cek.