Ranar da Na Sayo wa Ramatu Ordinata

Ba zan taɓa mantawa ba da lokacin da idona ya fara sauka a kanta. Tana cikin gilashi a wani ɗan shago da ke bakin kasuwar Dogon Dutsi, siririya, launinta ruwan hoda mai ƙyalli kamar sabon kwanon jeren amarya. Kwamfutar hannu ce, abin da mu a nan muke kira ordinata. A gefenta akwai wasu huɗu ko biyar, baƙaƙe masu kauri, da gani sun sha duniya. Ban ko yi musu kallo na biyu ba. Na tsaya da jaka a hammata ina murmushi ni kaɗai, zuciyata tana cewa: wannan ce.

Ba tawa ba ce za a saya, ta Ramatu ce, ɗiyar Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyata. A shekarar ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu wuri a jami'a a Yamai, ita ce mace ta farko da ta kai nan a ƙauyensu da ke can gaba da Kieshe. Da aka ce wa Kawu karatun yanzu ba ya yiwuwa sai da ordinata, bai yi gardama ba. Ya kama sa ɗaya cikin biyun da yake noma da su ya kai kasuwa. Ya zo har gidanmu da kuɗin ƙulle a ƙyalle, ya ajiye a gabana.

"Ɗiyata, ke kinka san wagga aba, ke ka taɓa ta kullum a biro," in ji shi. "Na san kuɗɗin ba su kai na sabuwa. Ki zaɓo mata mai ƙarko, wadda za ta kai ta ƙarshen karatu."

Gaskiya ne ina taɓa ta kullum. Ni mai buga takardu ce a wani biro, wato ofis, a nan cikin gari. (Abin da Kawu bai sani ba, ta biron irin babbar nan ce ta bisa tebur, tun da aka jona ta a bango ba wanda ya taɓa cire ta. Iyakar sanina ke nan.) Amma na gyara zama na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an gama.

Ramatu ba ta samu zuwa ba, lokacin roron wake ne. Ta dai hau tudun da suke samun rezon waya ta kira ni. Abu biyu kawai ta roƙa: batir mai daɗewa, don an ce mata unguwar da za ta zauna ana yawan ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai kuma allon rubutu irin na Faransanci. Launi ko kyau, ko ambatonsu ba ta yi ba. Na ce a raina, yarinyar ƙauye, ba ta san rayuwa ba tukuna.

Ya kamata in faɗa muku wace ce ni a lokacin. Tun ina koleji nake cin littattafan soyayya, irin waɗanda 'yan kasuwa ke tsallakowa da su daga Najeriya. Akwai wata mata a unguwarmu da ke ba da hayarsu, har ta daina rubuta sunana, ta san zan dawo. A cikinsu na koyi cewa babu abin da ke faruwa a banza. Idan mota ta lalace, saurayi ne zai tsaya. Idan an yi karo a ƙofa, aure ne a shafi na ƙarshe. Shekaruna ashirin da bakwai, ina jiran nawa karon, har na fara tsayawa a ƙofofi fiye da kima.

To, ina ɗaga kai daga gilashin nan sai na ga mai shagon. Dogo, mai saje, idanunsa farare tas, yana goge wata waya da bakin rigarsa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Madam." Shi ke nan. Babi na ɗaya ya buɗe.

Na faɗa masa ta ɗaliba nake nema, na faɗi abin da ke hannuna. Bai yi wata-wata ba ya jawo ɗaya daga cikin baƙaƙen nan, mai kauri kamar allon makarantar allo, gefenta ma da ɗan karce. Ya ce wannan ce ta ɗalibi: batirinta na kai rabin yini, allonta na Faransanci, idan ta samu matsala kowane mai gyara na da kayanta, kuma zan ma koma da canji. Na kalle ta, na kalle shi. Na ce a raina gwada ni yake, yana son ya ga ko ni mace ce mai sanin abu mai kyau. Na miƙa yatsa na nuna mai ruwan hoda.

Ya fiddo ta, ya jona igiyarta a bango, ya kunna. Wani hoton teku ya bayyana, rana tana faɗuwa a bayansa. Daga nan ya shiga bayani. Ina rantsuwa ya yi bayani mai tsawo, don na ga bakinsa yana motsi, na ga yana nuna ƙasan ordinatar, yana nuna igiyar, yana girgiza kai. Ni kuwa ina lissafin ko Maman, mahaifiyata, za ta yarda a yi bikin bayan Sallah. Duk inda ya dakata sai in sunkuyar da kai in ce, "To." Sau uku ya tambaye ni, "Madam, kin gane kuwa?" Sau uku na lumshe ido na ce na gane.

Da ya ga na kafe, ya dube ni (na rubuta wannan kallon a zuciyata da manyan baƙaƙe). Ya yago resi ya cika, sannan ya juya bayansa ya yi ta rubutu, layi kusan huɗu. Ya ninke biyu, ya miƙo mini.

"Don Allah ki karanta wannan kafin ki kai ta."

Na karɓa da hannu biyu. Ranar Litinin ce.

Mai hankali zai buɗe tun a bakin shagon. Amma duk wadda ta yi karatun da na yi ta san ba a haka. Yarinya mai aji ba ta buɗe wasiƙar farko a ranar da aka ba ta. Takan bari ta kwana, ta ƙara kwana, shi kuma yana can yana rama. Na sa takardar a tsakiyar littafin da nake karantawa, na yanke cewa sai na sauke amanar Kawu na dawo, in yi wanka, in shafa turare, sannan in buɗe. Kullum da safe nakan leƙa in ga gefenta, in rufe. Ordinatar kuwa na jona ta a bango yini guda cur don ta ƙoshi, na naɗe ta cikin sabon zane.

Ranar Alhamis na nemi izini a biro, na hau motar Kieshe, daga can amalanken jaki ya ƙarasa da ni. Ƙauyen su Kawu babu kuran, ko waya sai an aika da ita wurin mai farantin hasken rana a yi caji. Na isa bayan la'asar, na tarar an share tsakar gida an shimfiɗa tabarmi. A gidan Kawu ba a fara amfani da sabon abu sai an sa masa albarka, ko da garma ce. Ya kira liman, ya kira maƙwabta. Inna Hajo, matarsa, ta dama fura cike da ƙwarya. Mata sun jeru ta gefen rumbu, har da Kaka Dije, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, da sandarta.

Na kwance zanen a hankali, yadda ake buɗe fuskar amarya. Mata suka ce, "Kai! Tubarkalla!" Ramatu ta duba allon rubutun, ta ga na Faransanci ne (wannan sa'a ce kawai, ban duba ba), ta yi murmushi. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Kawu ya ɗora hannunsa a kan marfin ya ce Allah ya sa a gama lafiya. Sannan ya ce, "To, tashe ta mu gani."

Na danna. Haske ya kawo, tekun nan ya fara fitowa. Liman ya kai "Masha" bai kai ga "Allah" ba, fuskar ta yi baƙi ƙirin.

Na sake dannawa. Shiru. Na danna na riƙe. Na hura mata iska, ban san dalili ba. Kaka Dije ta ja tabarmarta baya.

"Na hwaɗa muku, abu mai kyau haka ba ya zuwa shi ɗai. Da masu ita ta taho."

Ramatu ta karɓa, ta juya ta, ta danna, ta kara kunne. Ta ce a hankali, "Yaya, kin gwada ta ba igiya a shagon?" Na ce me ya sa za a gwada ta ba igiya? Ta dube ni, ta dubi ubanta, ta sunkuyar da kai. Saura kwana goma ta tafi Yamai, san kuma an riga an yanka shi a wani gari.

Kawu bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Ɗiyata, ba a ba ki takarda ba?"

Na ce an ba ni.

"Kawo mu gani."

Na ce tana cikin jaka, amma ba sai an duba ba. Ya ce a duba dai. Na ce ai resi ne kawai. Ya ce shi ma resin yake nema. Na rungume jakar. Sai na lura da irin kallon da maƙwabta suka fara yi mini, na gane abin da suke zato: an ba ta kuɗin sa, ta sayo matacciya da araha, ta ɓoye takarda. Tsakanin a ce mini ɓarauniya da a san sirrin zuciyata, na zaɓi na biyu. Na fiddo littafin (bangonsa da hoton wata mai hawaye riƙe da fure, a gaban liman), na zaro takardar, na ce da muryar da ban san ina da ita ba:

"Kawu, akwai maganar da ba ta ciniki ba a bayanta. Mai shagon ne. Ina jin... sona yake."

Inna Hajo, wadda ta shekara biyar tana yi mini addu'ar miji, ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa. Mata biyu suka taya ta. Kawu ya yi gyaran murya ya ce ai wannan abin alheri ne, amma tunda a bayan takardar kuɗin sansa aka rubuta, yana da hakkin ji. Ya miƙa wa Ramatu.

Ta karanta a zuci. Na ga ta ciji leɓe, kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Baba, a bari sai an watse."

"Karanta muna a hili."

Da Faransanci aka rubuta, ta riƙa fassarawa layi-layi, Allah ya saka mata, ba ta ƙara gishiri ba:

"Batirin wannan ya mutu, sai da kuran take aiki. Sabon batirinta ba a samunsa a nan. Baƙar ta fi dacewa da ɗaliba. Idan an dawo da ita ba tabo kafin a taso daga Juma'a, zan musanya."

Inna Hajo ta ce, "Sai mi kuma?"

"Shi ke nan, Inna. Sai sa hannu."

"Juya dai, ko akwai saura."

Liman ne ya fara, ya rufe baki da gefen rawani yana tari. Daga nan kowa ya saki. Kaka Dije tana share hawaye tana cewa ashe iskokin ba a jikin na'urar suke ba. Ni kuwa ina zaune da littafina a cinya, ina roƙon ƙasa ta tsage, ƙasar Arewa kuma ta ƙi.

Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ƙirga da yatsa ya ce, "Gobe Juma'a."

Da sassafe muka fito mu uku, muka samu motar 'yan kasuwa, ni a matse tsakanin buhun wake da akuya, ordinatar a ƙirjin Ramatu, don an daina ba ni riƙo. Muka isa shagon ana shirin rufewa a tafi masallaci. Mai shagon ya duba ta ciki da waje, ya ɗauko baƙar. Ramatu ta sa ya cire igiyar, ta kunna, ta zauna tana kallon ta har Kawu ya gama gaisawa da duk maƙwabtan shagon. Ba ta mutu ba. Aka ba Kawu canjinsa.

"Wallahi Baba na yi mata bayani," in ji mai shagon. "Na ga sai lumshe ido take, na ɗauka ba ta jin daɗin jikinta. Shi ya sa na rubuta."

Kawu ya ce, "Awo, ta ɗan yi ciwo. Amma jiya ta warke."

Tun daga ranar, duk takardar da namiji ya miƙo mini a gabansa nake karanta ta, gaba da baya, da ƙarfi in ta kama. Wanda na aura daga baya ya ce abin da ya fara burge shi da ni ke nan, wai ni mace ce mai natsuwa. Ban gyara masa ba.

Baƙar nan ita ta kai Ramatu ƙarshen karatu, a kanta ta rubuta kundinta na fita. Yanzu ma'aikaciyar gona ce a Tibiri, tana yawo ƙauye-ƙauye a kan babur. Da yake ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, tana da izinin tsokanata har kabari, kuma ba ta wasa da hakkinta. Bara ta aiko mini da katin aurenta a ninke. A bayan ambulan ta rubuta da jan alƙalami: "Yaya, ki buɗe yau. Ranar Asabar ne."