Ɓerayen Likita a Zauren Surukina

Ko da zan manta komai na zamanin Turawa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hajara, yarinyar da nake nema, a Yelwa ba. Lokacin ina yaron likita a asibitin Jalingo, aikina dafa allura da riƙe abin awon jini, amma a unguwa ni ma "Likita" ake ce mini (ban taɓa hana kowa ba).

A makon ne Baturen likitanmu ya ba ni labarin binciken da ake yi a ƙasarsu. Wai akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ta mutum ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke aika saƙo cikin jini. In an cire wa ɓera ita, sai jininsa ya sauka. Labarin ya cika mini ciki, na rasa inda zan juye shi.

Kowa ya san abin da ake so ga mai neman aure a gaban suruki: ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kama bakinsa. Ga shi Malam Garba maɗinki bai ce ya ba ni 'yarsa ba tukuna. Na tuɓe takalmi, na durƙusa. Sai na ji yana gaya wa abokinsa Baffa Jauro cewa kansa na sarawa, an ce jininsa ne ya hau.

"Baba, ai wannan mai sauƙi ne," in ji ni. "An gwada a kan ɓera." Na zazzage bayani kaf, har ina nuna tsakiyar kansa da yatsa.

Baffa Jauro ya ce, "To yaro, ɓeran nan, bayan an cire, yana lafiya?"

Nan ya kamata in yi tari in nemi takalmina. Amma sai na ce, "Jinin dai yana sauka, Baffa. Sai dai yakan rame, kuma ba ya ƙara kula mata."

Daga cikin gida na jiyo dariyar mata, har da muryar Hajara. Kunya ta rufe ni, na so ƙasa ta tsage in shige. Malam Garba ya danna hularsa da hannu biyu, ya ce, "Ɗana, na gode. A bar mini hawan jinina."

An dai ba ni Hajara, wai yaron ba ya ƙarya, wauta ce kawai. Amma har tsohon ya koma ga Allah, in na yi sallama a zaurensa sai ya dafe hula. Tun daga ranar, duk labarin ɓeran da Bature ya ba ni, a asibiti nake rataye shi tare da farar rigata.