Bijimin Nomau da Injin Jar Mota

A ƙauyen Gangaren Marke an yi wani magidanci, Nomau. Ba ya ƙarya, ba ya gardama, kuma abin da aka ce masa ya yi, shi zai yi cif, ba ragi ba ƙari. Matarsa Ladidi ta daɗe da gane haka, shi ya sa in za ta aike shi kasuwa sai ta haɗa da cewa, "Malam, in ka saya kuma ka dawo gida." Dukiyarsu gona ɗaya ce da bijimi ɗaya, Ɗan Fari, wanda ke yi musu huɗa. Sai kuma ƙanen Nomau, Ƙasimu, wanda ya yi 'yan shekaru a birni ya dawo da baƙin tabarau da wata jar mota ta hannu.

Motar nan ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ƙasimu ya ce irinta ake tsere da su a ƙasashen waje. Sau ɗaya ta yi tseren a Gangaren Marke, daga bakin masallaci zuwa rijiya, injin ya buga.

A Kwanar Baushe, garin da ke kan titi, akwai Alhaji Sambo mai sayar da injunan da aka ciro daga motocin Turai. Ƙasimu ba ya da abin saye, sai ya lallaɓa yayansa aka yi musaya: Alhaji ya ba da inji, ya karɓi Ɗan Fari. Ka'idar kasuwar kuwa sati guda ne na gwaji. Bijimi zai zauna a ɗaure a gidan Alhaji har Juma'a. In inji ya nuna aibi kafin nan, kowa ya karɓi abinsa, muddin ba a taɓa notunan da Alhaji ya ɗiga wa jan fenti ba. In Juma'a ta wuce, Ɗan Fari na mahauta ne. Ladidi ta ji wannan zance ta ce, "To ɗan birni, da damina sai ka ɗaura wa motar garma."

Ranar da aka je ɗauko injin, Ƙasimu ya ja yayansa gefe ya ce, "Yaya, mutanen nan suna sauya kaya in ka juya baya. Hau kan wannan ka zauna, kada ka sauka." Nomau ya naɗe riga ya hau. Aka zo ɗorawa a akori-kura, ya ƙi sauka, sai da ƙarti suka ɗaga inji da mutum gaba ɗaya. Aka iso ƙauye, bakanike ya kafa sarƙa zai zura inji a mota, Nomau na bisa. Ƙasimu kuma ya tsaya a Kwanar Baushe cin tsire. Bakanike ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, a banza. A nan Ladidi ta kawo masa tuwo, ya ci a kan inji. Da Ƙasimu ya iso da yamma ya ce, "Yaya, me kake yi a nan har yanzu?" Nomau ya ce, "Ba su sauya ba."

Aka ɗaura inji, ya tashi da bugu ɗaya, ƙararsa lafiya lau. Alhaji Sambo dama ya ba su shawara irin ta uba ga ɗa: a wannan satin a riƙa tafiya a hankali, da sanyin safiya, kada a yi nisa, kada a bar inji ya yi zafi. Ƙasimu ya riƙe shawarar nan gam, bai tambayi kansa dalilin da zai sa injin tsere ya ji tsoron zafi ba.

Wata rana Ƙasimu ya buɗe gaban motar ya nuna wa yayansa sandar awon baƙin mai. Ya ce, "Kullum da safe ka zaro wannan ka duba." Nomau ya ɗauki aikin da muhimmanci. Kowace safiya sai ya zaro sanda, ya ɗaga ta sama, ya ƙura mata ido, ya mayar. Ƙasimu in ya fito yana miƙa ya ce, "Yaya, ka duba?" Nomau ya ce, "Na duba." Shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Wata rana kuma da hantsi Ƙasimu zai fita, ya ce, "Kada ka bari rana ta taɓa motar nan." Inuwar dalbejiya ta fara janyewa, Nomau ya tura mota ya bi ta. Ta ƙara janyewa, ya ƙara turawa. Da rana ta take tsaka inuwa ta tsuke, sai ya shiga ɗaki ya kwaso zannuwan Ladidi kaf, har da sabuwar atamfar da za ta ɗaura zuwa suna, ya lulluɓe mota, ya danne gefe-gefe da duwatsu. Ladidi ta fito daga wanka ta tarar da akwati wayam. Ranar maƙwabta sun ji muryarta. Ƙasimu ya dawo ta tare shi a zaure: "Sannu ango! Amaryar taka ta gama da kayana, saura sarƙa da 'yan kunne." Ƙasimu ya juya ga yayansa ya ce, "Daga yau ko rana za ta narkar da ita, kada ka tura ta, kada ka rufe ta." Nomau ya ce, "To."

Wata rana, ranar Alhamis ke nan, gobe wa'adi zai cika, Ƙasimu ya cika tanki da fetur don yana shirin zagaya gari bayan sallar Juma'a. Ya tayar da mota da safe ya ce, "Yaya, bari ta ɗan ɗumama. Kada ka kashe har in dawo, shayi kawai zan sha." A teburin mai shayi aka tambaye shi gudun motar. Ya fara bayani. Ya je Kaduna ya dawo, ya wuce tirela a kan kwana, ya bar wani mai babbar mota yana cizon yatsa, duk a kan benci. Shayi ya huce, aka sake wani.

Can gida mota na ta gunji. Inuwa ta janye, Nomau bai tura ba, bai rufe ba. Wajen azahar wani wari ya tashi, farin hayaƙi ya fara fita ta salansa. Ladidi ta leƙo ta ce, "Malam, kashe abin nan!" Ya ce, "Bai dawo ba." Ta ce, "Za ta ƙone!" Ya ce, "Ko za ta narke, haka ya ce." Ladidi ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ta tsaya. Ta dubi hayaƙin, ta dubi turken Ɗan Fari da ba kowa, ta koma ta ci gaba da tankaɗenta.

Ruwa ya tsiyayo ta ƙarƙashi, inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Ƙasimu ya iso a guje, ya ɗora hannu a ka. Nomau ya ce, "Ba ni na kashe ba. Ita ta kashe kanta."

Da la'asar aka jawo motar zuwa Kwanar Baushe. Alhaji Sambo ya ce sam, an ci zalin inji ne. Aka kira sarkin makanikai, wani dattijo, ya duba notuna, jan fenti na nan ba wanda ya taɓa. Ya haska gefen injin, sai ga wata doguwar tsaga da aka cike da gam aka shafe da fenti, zafi ya narkar da gam ɗin. Alhaji ya ce ai yau ta tsage, ganganci ne ya jawo. Dattijo ya juya ga Nomau, wanda duk yankin an san ba ya ƙari a magana, ya ce, "Malam Nomau, kai ke duba mai?"

"Ni ne, Baba."

"Me kake gani?"

"Ranar farko baƙi. Daga nan kullum sai ya ƙara komawa kamar shayi mai madara."

Makanikai suka kwashe da dariya, don ko ɗan koyo ya san ruwa ne ke shiga mai tun farko. Ƙasimu ya ce, "Yaya! Me ya hana ka faɗa mini?" Nomau ya ce, "Cewa ka yi in duba."

Alhaji ya karɓi injinsa yana ƙunƙuni, aka kwanto Ɗan Fari. Alhajin ya so ya nuna wa Ƙasimu wani injin da ya rantse wannan kam wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi a Turai, amma Ladidi, wadda ta biyo su a ƙafa, ta riga ta kama igiyar bijimi.

Saura yadda za a mayar da mota gida ba inji. Aka ɗaura ta a bayan Ɗan Fari. Nomau na gaba da igiya, Ladidi na kujerar mai zaman banza ta harɗe, Ƙasimu na riƙe da sitiyari, tabarau a aljihu. Sun yi rabin hanya bijimi ya ratse gindin wata tsamiya ya tsaya yana huci. Ƙasimu ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, kora shi mana, magariba ta kusa."

Nomau ya buɗe bakin Ɗan Fari ya duba, ya shafa wuyansa, ya zauna a kan saiwa. Ya ce, "Alhaji ya ce kada a bar inji ya yi zafi."