Yadda Batirin Motarka Zai Shekara Bakwai Bai Mutu Ba

Ƙarfe tara na safe nake rubuta wannan. Ruwan da ya kwana yana zuba a unguwarmu Barkin Sale ya ɗauke, bayana kuwa har yanzu ciwo yake. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari batirinka zai kai shekara bakwai. Na yayana Badaru ya kai. A bayan motarsa na yi karatun.

1. Kada ka yi amfani da shi

Tayar da mota shi ke cinye batir. To me ya kai ka? Ka kama haya a kan gangara, ka ajiye motar tana kallon ƙasa. Da safe ka sa giya ta biyu, ka tare ƙaninka da duk wanda ya fito daga masallaci su tura. Gwiwar mutane ba ta buƙatar caji.

2. Ka kashe komai

Ban da rediyo. Hon kuwa, ai Allah ya ba ka baki ya ba ka taga. Yaya tun daga unguwar Fadikpe har kasuwa "Hanya, hanya" yake yi, kuma bai taɓa take kowa da ƙarfi ba.

3. Ka ba shi ruwa

Masu gyara za su ce sai ruwan batir na musamman. Ka zuba masa fiya wata. Abin da ka sha ka rayu, batir ne zai fi ka daraja? In kansa ya yi farin gari kada ka goge, furfura ce. Ka dai ajiye dutse ɗaya a mota na ƙwanƙwasawa.

4. Ka raina maƙwabci

Ebenezer mai tasi, na gidan da ke kallon namu, duk Asabar sai ya wanke kan batirinsa, ya shafa giris, ya ɗaure noti. Duk da haka sau biyu yana sayen sabo. Ka riƙa tambayarsa a gaban jama'a ko batir yake da shi ko jariri. Dariya kawai zai yi.

5. Ranar da ake buƙatarsa, kada ka karaya

Yau Anti Hidaya, matar Yaya, take jarrabawar shiga makarantar jinya. Ƙarfe takwas ake rufe ƙofa, wanda ya makara sai baɗi. Tun jiya ta roƙa a bar ta ta hau keke mai ƙafa uku, Yaya ya ce matar mai mota ba ta hawa keke.

Ruwa ya mai da gangarar taɓo. Mu huɗu muka tura, motar ta gangara ta kafe a laka, ko tari ba ta yi ba. Masu keke kuma sun ƙi shigowa unguwa. Bakwai da minti ashirin.

A nan ne za ka ɗauko dutsen. Ka ƙwanƙwasa. Ka ce fetur ɗin ne aka gauraya.

Anti tana rungume da takardunta ta ce wa Yaya a hankali: "Baban Rabi'atu, batirin nan ya rasu tun bara. Kai kaɗai ne ba a yi wa gaisuwa ba."

Ka yi kamar ba ka ji ba. Wannan ma yana cikin kula da batir.

A kula

Duk wanda ya bi matakan nan, babu ruwana. Ni ko sakandare ban gama ba, turi kawai na iya. In batir ya mutu ko gida ya ɗau zafi, kada a neme ni.

Mu dai Ebenezer ne ya lallaɓo da tasinsa cikin lakar, ya jona waya daga batirinsa zuwa na Yaya, motar ta tashi a murɗawar farko. Ya ce: "Oga Badaru, kar ka kashe ta sai ka dawo gida." Yaya ya figi mota yana gaya mana ta taga ai dama ta kusa tashi. Sun isa saura minti shida.

Kafin ya rufe bonet ɗin, na ga Ebenezer ya goge furfurar da tsummansa, ya ɗaure notin. Yaya bai gani ba. Shi kuma ya naɗe wayarsa ya tafi neman fasinja.